Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Masu karatu ku yi mini afuwa, na san da yawanku ci gaban labari ne ya kawo ku, ku ji ko an ɗaura auren nan ko an fasa. To yau dai ku ɗan ara mini kunnuwanku, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk shekara da zarar an fara haramar jigilar maniyyata sai ta taso mini sabuwa. Magana ce a kan taya. I, tayar dai da kuka sani, ta roba, wadda ake hura wa iska.

Bari in fara da abin da ya faru a kan idona. Wasu shekaru da suka wuce na tsaya a Kwanar Ɗangora ina jiran motar da za ta kai ni wajen dangi a ƙasar Doguwa. Wanda ya san hanyar ya san daga nan sai Tudun Wada, daga Tudun Wada kuma sai dajin Falgore, kuma a wancan lokacin ba mai son magariba ta riske shi a cikin dajin nan. Sai da la'asar ta yi sakaliya sannan bas ɗin ta cika. Muna shirin tashi sai wani dattijo da ya ɗauko buhun taki ya ce wa yaron mota, "Yaro, tayar bayan nan fa kamar ta yi sanyi." Yaron ya zagaya ya harbe ta da ƙafa sau biyu, sannan ya dubi maigidansa. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma ba na shakka ya san dattijon nan gaskiya ya faɗa. Mai faci yana nan gindin bishiya bai fi taku 30 ba, sai dai akwai motoci biyu a gabanmu, injin iskarsa kuma sai an je an sayo masa fetur. Direba ya dubi rana, ɗan kamasho ya bubbuga gefen mota, mu kuma fasinjoji muka kaure da surutu. Har da ni. Ni ne ma na ce, "Haba Baba, so kake mu kwana a Falgore?" Sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Za ta kai, Baba."

Ba ta kai ba. Mun wuce Tudun Wada da ɗan nisa ta fashe, motar ta yi tangal-tangal ta faɗa kwalbati. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah mai goyo ta karye a hannu. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne abin da ya biyo baya. Direba ya fito ya shara wa yaron mari, fasinjoji suka yi masa caa, wannan ya ce makaho ne, wancan ya ce bai san aikinsa ba. Ba wanda ya tuna da bakinsa. Dattijon nan kuwa bai ce uffan ba, ya dube ni kawai, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Mai karatu zai ce to mene ne haɗin wannan da jirgin sama? Ai kuwa akwai haɗi, domin irin wannan magana ta "za ta kai" ita ce ta ci rayukan alhazanmu a rana guda fiye da yadda mutum zai iya ƙirgawa bai yi hawaye ba.

Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ya nufo Sakkwato. Jirgin na wani kamfanin ƙasar Kanada ne mai suna Nationair, an ɗauko shi haya yana kwaso alhazai da sunan Nigeria Airways. Akwai fasinjoji 247 da ma'aikata 14 a ciki. Bai fi minti goma a sama ba ya faɗo, saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin da ya juyo zai sauka. Mutum 261, ko ɗaya bai fita ba. Har yau babu wani jirgi samfurin DC-8 da ya taɓa cin rayuka haka, kuma babu wani kamfanin jirgin Kanada da ya taɓa yin asarar rayuka irin wannan. Mutanen da suka sauke farali, suka sayo tsaraba, ana can gida ana share tsakar gida ana jiran su.

Binciken da hukumomin Saudiyya suka yi ya gano cewa injin jirgin lafiyarsa ƙalau. Taya ce. Tun kwana huɗu kafin hatsarin kanikawa suka auna suka ga biyu daga cikin tayoyin, ta 2 da ta 4, iskarsu ta yi ƙasa da ƙa'ida. Maimakon a gyara, sai aka gyara takarda, domin masu bincike sun gano an sauya alƙaluman da aka fara rubutawa a takardar duba jirgin, aka mayar da su yadda za su yi daidai da ƙa'ida. An so a canja tayoyi lokacin da jirgin ya je Akara ta ƙasar Gana, sai saƙo ya zo daga manajan da ke kula da kwangilar cewa an makara, a dawo da jirgi maza-maza, aka bar aikin. Da safiyar ranar tashi, fasinjoji sun riga sun shiga, shugaban kanikawan ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta a kusa ba, nemo ta kuma zai ja lokaci. Manajan bai yarda a jinkirta ba. Matuƙan kuwa ba wanda ya gaya musu komai.

Ga yadda abin ya kasance, don mai karatu ya gane cewa ba tsafi ba ne. Tayoyin jirgi bibbiyu suke a kan ƙarfe ɗaya. Idan ɗaya ta yi sanyi, 'yar uwarta ce ke ɗaukar nauyin, shi ya sa ido ba ya iya ganewa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan kam sai an sa geji. Taya ta 1 ta ɗauki kayanta da na ta 2 a cikin zafin Jidda, jirgi cike maƙil da mutane da kaya, ta yi zafi ta fashe tun jirgin yana farkon gudu a kan titi. Nan take ta 2 ma ta bi ta. Ƙarfen ƙafar ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara, amma babu na'urar da za ta nuna musu akwai wuta a wurin, sai suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgin ciki kamar yadda aka saba. Wato sun ɗauki garwashi sun sa a aljihu, domin a wannan ramin da ƙafa ke shiga akwai wayoyin lantarki da bututun man da ke juya jirgi. Wuta ta ci har ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai, mutane suka fara faɗowa tun jirgin yana sama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe kafin mu fara tsinuwa: shugaban kanikawan da manajan duk suna cikin jirgin, kuma tare da alhazan suka mutu. Ba wanda zai shiga jirgin da ya san zai kama da wuta. Ashe ke nan ba mugunta ce ta sa su ba. Sun ɗauka ƙaramin abu ne, domin jirgin ya yi ta tashi yana sauka a haka kwana da kwanaki ba abin da ya faru. Irin tunanin yaron motar nan ne sak, jiya ta kai, shekaranjiya ta kai, yau ma za ta kai. Rahoton ya nuna cewa mutanen ba su sami horon da zai sa su san girman haɗarin ƙarancin iska a taya ba. To laifin wa ke nan? Na mai riƙe da sifana kaɗai, ko har da wanda ya tura shi aiki ba horo, ba kayan aiki, ya kuma ɗora masa agogo a ka?

Ni ra'ayina a nan shi ne mu raba abu uku da muka saba cuɗawa wuri guda: kuskure, da ɓoye kuskure, da matsa wa mai gyara lamba.

Kuskure dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma ba Bahaushe ko Bature a ciki. Ranar 10 ga Yuni, 1990, wani jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham ta Ingila zai tafi Malaga ta ƙasar Sifen, yana cikin hawa sai gilashin gaban kyaftin ya ɓalle, iska ta zuƙe shi rabin jikinsa ya fita waje. Abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa kusan minti 20 har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton, kuma cikin ikon Allah ba wanda ya mutu, har shi kyaftin ɗin. Da aka bincika sai aka ga daga cikin kusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun yi siriri, sauran 6 kuma sun yi gajere. Wanda ya ɗaura su ƙwararre ne da ya daɗe a aikin, cikin dare ya yi shi, ya gwada sababbin kusoshi da tsofaffin da ido bai duba littafi ba. Masu binciken ba su tsaya a kansa ba. Sun tambaya, me ya sa mutum ɗaya zai yi aiki kuma shi zai sa wa kansa hannu ba wanda ya sake dubawa? Yaya ma'ajiyar kayan take? Sai ga shi ma tsofaffin kusoshin da ya yi gwaji da su ba su ne na ƙa'ida ba tun asali. Da korarsa kawai aka yi aka rufe magana, da ba a gano ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda irin haka ne a 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada mai suna Gordon Dupont ya tsara jerin abubuwa 12 da ke jefa kanikawan jirgi cikin kuskure, irin su gajiya, matsin lamba, rashin kayan aiki, sabo da aiki har a daina dubawa, da kasa buɗe baki a gaban babba. Har yau ana koyar da su a makarantun gyaran jirgi.

Ɓoye kuskure kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne ba ni da sassauci ko kaɗan. Jirgin sama a kan sa hannu yake tashi. Matuƙi ba zai iya kwance inji ya duba ba, takarda ake miƙa masa ya ga injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa an yi kaza an yi kaza. Alhajin da ya sayar da shinkafarsa a Tudun Wada, ko masararsa a Doguwa, ko ya shekara goma yana tara kuɗin kifin Tiga, bai san injiniyan nan ba kuma ba zai taɓa ganinsa ba, amma ransa yana bakin alƙalaminsa. Wanda ya manta ya ɗaure noti ya yi kuskure. Wanda ya rubuta ya ɗaure alhali ya san bai ɗaure ba ya yi shaidar zur, kuma ya toshe ƙofar da wani zai bi ya gano matsalar. Wannan ya cancanci a karɓe lasisinsa a gurfanar da shi, ko jirgi ya faɗi ko bai faɗi ba.

Na uku shi ne wanda muke yawan mantawa, domin mai shi ba ya taɓa sifana, hannunsa ba giris, rigarsa fes. Shi ne mai cewa a yi sauri za mu rasa kwangila. Idan a wurin aiki duk bakaniken da ya ce "jirgin nan ba zai tashi ba" sai an ɗauke shi mai taurin kai, an hana shi ƙarin girma ko an sallame shi, to an koya wa sauran cewa su yi shiru, an kuma koya musu gyaran takarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka duk binciken da ya ƙare a kan ƙaramin ma'aikaci, manya suka koma ofis suka ci gaba da shan shayi, marin yaron mota ne kawai aka maimaita. A Japan, bayan jirgin Japan Airlines ya faɗi ranar 12 ga Agusta, 1985 ya kashe mutum 520, an gano cewa wani gyara ne da aka yi ba daidai ba tun 1978 ya yi shekara bakwai yana jira. Kamfanin Boeing ya amsa cewa ma'aikatansa ne suka yi gyaran, shugaban kamfanin jirgin kuma ya ajiye muƙaminsa. Bai taɓa riƙe guduma a wurin gyaran ba, amma ya san amanar a wuyansa take.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Haka ne, mun yi imani da ƙaddara, kuma waɗannan bayin Allah ba za su ƙara ko daƙiƙa ɗaya a kan ajalinsu ba. Amma malamanmu da suka koya mana ƙaddara su ne dai suka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Shari'a ba ta kira mai kisan kuskure mai kisan kai da gangan ba, ba ta ce a kashe shi ba, amma kuma ba ta ce ya kaɗe riga ya tafi ba. Akwai kaffara a kansa, akwai diyya, kuma diyyar kisan kuskure a kan danginsa aka ɗora ta su taru su biya. Dubi hikimar da ke ciki: an tausaya wa mai kuskure, an kare haƙƙin mamaci, an kuma jawo waɗanda ke bayansa cikin ɗaukar nauyi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma har mai sana'a irin tela ana lamuntar da shi kayan mutane idan suka lalace a hannunsa. To idan yadi ke nan, ina ga rai? Ƙaddara maganar mai haƙuri ce da aka yi wa rashi. Idan ta fito daga bakin wanda ya yi sakacin, ta zama mayafin ɓoye laifi.

Wani kuma zai ce matsalarmu tsofaffin jirage ce. Mutanen Kano ba za su manta da Asabar 4 ga Mayu, 2002 ba, ranar da jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, sama da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Bayan nan gwamnati ta dakatar da wannan samfurin jirgi, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a riƙa shigowa da su. Ban ce matakin ba shi da amfani ba. Amma ranar 5 ga Janairu, 2024, a Amurka, wani sabon jirgi fil na Alaska Airlines, samfurin Boeing 737 MAX 9, wanda bai fi 'yan watanni da fitowa daga masana'anta ba, murfin wata ƙofarsa ya ɓalle yana sama. Kusoshi huɗu ne aka cire a masana'anta ba a mayar ba, kuma ba a rubuta aikin a ko'ina ba. Sabon jirgi a hannun mai gaggawa bai fi tsoho a hannun mai amana aminci ba.

To me nake nema? Abu kaɗan ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu. Muna da hukumar NCAA mai ba da lasisi da sa ido, muna da NSIB mai binciken hatsari, muna da kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya tun 1964, inda 'ya'yanmu ke koyon tuƙi da gyara. Ina roƙon duk rahoton binciken da aka kammala a taƙaita shi da Hausa a karanta a rediyo, domin akasarin waɗanda suka mutu a Jidda da Gwammaja da Hausa suke magana, kuma iyalansu suna da haƙƙin su san abin da ya kashe nasu. Ina roƙon hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi, idan za su ba da kwangilar jigila su tambayi wa ke gyara, ina kayan gyaran suke a can Saudiyya, kuma an bar isasshen lokaci tsakanin sawu da sawu ko kuwa an cushe jadawalin yadda jinkirin awa ɗaya zai rushe komai. Ina kuma roƙon a ba injiniyan da ya tsayar da jirgi kariya, wanda ya kai rahoton kuskurensa da kansa a saurare shi a gyara, domin in ana yanka duk kazar da ta yi kuka, sauran za su yi shiru ne har muzuru ya gama da akurkin. Kamfanin Nationair ya rushe a 1993, Nigeria Airways ma ya daina aiki a 2003, amma rushewar kamfani ba ta kashe halin da ya jawo abin ba.

Saura mu fasinjoji, kuma a nan da kaina nake. Ban raina wahalar jira ba. Na san yadda tsoho ke kwana uku a sansanin alhazai a kan tabarma, guzuri ya ƙare, ba wanda ya fito ya yi masa bayani, kuma wannan wulaƙanci ne da ya kamata a yi magana a kansa da babbar murya. Amma mu bambanta jinkirin rashin tsari da jinkirin gyara. Ranar da aka ce mana an tsayar da jirgi saboda injiniya ya ga wani abu, kada mu zama masu buga kanta muna zagi, domin ihunmu yana isa kunnen manaja, shi kuma ya sauke shi a kan bakanike. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na taka nawa a Kwanar Ɗangora, wata baiwar Allah ta biya da hannunta.

Tun daga ranar, in na shiga mota na ji wani ya ce a tsaya a duba taya, ni ne na farko da ke sauka. Wani lokacin a yi mini dariya a ce Malam ya cika tsoro, in ce na ji, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya jiƙan alhazanmu na 1991 da mutanen Gwammaja da duk waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu gyara ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu haƙurin jira. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan mai kowa mai komai Ya kai mu.